Kwanon da Ya Rufe Makaranta

Gwamnatin da ta tura maigidana karatu Malesiya baki ɗaya ta lissafa, nasa. Mu kuwa baki huɗu muka sauka a Kuala Lumpur: shi, da ni, da 'yarmu mai shekara bakwai, da ƙaninta na goye, wanda ko haƙori bai fitar ba amma ya fi kowa cin kuɗi. Muka kama haya a wani dogon bene a Taman Melati, kusa da jami'ar. Ɗaki biyu da falo, da wani kicin da in na sunkuya ɗaukar tukunya sai bayana ya rufe ƙofa.

Tun kafin korona ma da dabara muke ganin ƙarshen wata. Shinkafa da kaza ba su da tsada a garin. Abin da ke karya mutum makarantar yara ce, don ɗan baƙo ba ya samun ta gwamnati cikin sauƙi, sai ta kuɗi. Tamu a saman wani shagon tayoyi take. Abin da na ga yarinyar ta koyo a can shi ne, in na kira ta da Hausa ta amsa mini da Turanci, ta liƙa "lah" a ƙarshe kamar 'yar gari.

Da aka sa dokar kulle sai makarantar ta koma cikin kwamfuta. Ba benci, ba allo, ba fanka, amma kuɗin na nan yadda yake. Kwamfuta ɗaya ce a gidan, kuma digirin maigida na cikinta, ko ƙuda ba ya yarda ya sauka a kanta. Ga alawus ɗinsa ya maƙale a can ƙasarmu, kullum aka tambaya sai a ce yana kan teburin wani. Ranar da ya ce mini sai dai a cire yarinyar zuwa abin da hali ya yi, sai na tashi na bar masa falon. Na shiga kicin na sake wanke tukwanen da na riga na wanke.

Ni sai da na yi aure na koyi karatu, a ajin yaƙi da jahilci, da yamma, a kan bencin 'yan firamare wanda gwiwoyina ba sa shiga ƙarƙashin teburinsa. Ni ma "zuwa abin da hali ya yi" aka ce da ni ina ƙarama, aka ajiye ni ina taya mahaifiyata dafa kalwa, don gidanmu gidan daddawa ne. Na san tsawon wannan maganar. Shi ya sa ganin 'yata zaune ba littafi ya fi tsorata ni a kan cutar da ake ta sanarwa a talabijin.

Ƙofarmu na kallon ta wasu mutane, ɗan siririn lungu ne tsakaninmu. Gidajen can ƙofa biyu gare su, ta katako a ciki, ta ƙarfe mai raga a waje, kuma saboda zafi ana barin ta katakon a buɗe. Mijin ɗan ƙasar ne, injiniya, ya je Japan karatu ya dawo da digiri da mata. Matar ta musulunta, tana ɗaura ɗankwali kamar mai ciwon kai. Malamar firamare ce a garinsu kafin ta yi aure, kuma suna da 'ya sa'ar tawa. Kafin kulle gaisuwa ce kawai ke haɗa mu a bakin lif. Ta sunkuya, in sunkuya, ta ƙara sunkuyawa, in ƙara, har lif ɗin ya gaji ya tafi ya bar mu.

Kullum da safe takan ajiye ɗan tebur a bayan ragarsu tana koya wa 'yarta. Tawa kuma ta zauna a bayan tamu ragar, ta manna fuska tana kallo har ƙarfen ya yi mata zane a goshi. Wata safiya sai na ga matar ta ɗauko sandar goge ƙasa, ta turo takarda da fensir ta ƙarƙashin ƙofa har suka iso gabanmu. Haka 'yata ta shiga makarantar Japan, ba yunifom, ba kuɗin rajista.

Makarantar nan dai sai wanda ya gani. Kafin a taɓa fensir sai an miƙe, an sunkuya, an zauna. Rubutu a cikin gida-gida ake yi, in harafi ya leƙo waje a goge a sake. Lissafi kuwa da wani katako ne mai ƙwallaye a jere, kamar an tsinka carbi an ɗaure shi layi-layi. In lokacin abinci ya yi, yaran ne ke zubawa da kansu, kuma ba a barin ko ƙwayar shinkafa. Amma babban darasi shi ne goge-goge. Kowace ta ɗauki tsumma, ta dafa shi da hannu biyu, ta ɗaga ɗuwawu sama ta ruga da gudu daga wannan bango zuwa wancan. A ƙasarsu wai haka ɗalibai ke share makarantarsu, ba a ɗaukar mai shara.

Maigida ya leƙo daga bayan kwamfutarsa ya ga wannan gudun, ya cire gilashi.

"Wai na ƙetaro teku da yarinya don ta zama mai goge lungu?"

Na ce, "Malam, kyauta ne fa."

"To wannan ruku'un da take yi wa mutum fa? Ya halatta?"

"Kai da kake zubewa gaban kawunka har hularka ta faɗi?"

Ya ce wannan daban. Ban tambaye shi bambancin ba, na bar shi. Bai daɗe ba ya sauko, ganin kullum takalmansa a jere suna kallon waje, kuma yarinyar ta daina zagaya kwamfutarsa. Har ya fara cewa in ya gama wannan digirin, Japan zai nemi ƙarin bincike, mu koma can gaba ɗaya. Mutumin da alawus ɗinsa ke kan teburin wani.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa 'yata a rai. 'Yar maƙwabtan na da wata jar jaka mai tauri kamar akwati, kakarta ta aiko mata daga Japan, irin wadda duk ɗan firamare ke goyawa a can. Takan goya ta daga ɗakin kwana zuwa bakin ƙofa, nan ne iyakar tafiyar makarantar. 'Yata ta roƙi ubanta irinta. Ya duba kuɗin a waya, ya yi salati, ya ce wannan ai ragon layya ne mai hannu biyu. Ba a sake maganar ba.

Ni kuma abin da ya tsaya mini daban ne. Ba a koya wa ɗanka karatu ka naɗe hannu. Ko malamin allo ana kai masa na Laraba. Kuɗi dai babu, ko da akwai ma ban ga fuskar da zan miƙa mata ba. Sai na jiƙa wake na soya ƙosai, na zuba a wani langa mai furanni daga cikin kayan aurena, na rataye a ƙofarta.

Kafin la'asar kwanon ya dawo. An wanke shi har furannin sun yi haske, an naɗe shi a wani ƙyalle, a ciki ga curi-curin shinkafa an yi musu ɗamara da baƙin ganye, an jera su kamar za su ɗauki hoto.

Ba a mayar da kwano wayam, wannan kowa ya sani, amma kuma ba a mayarwa a ranar. A wurinmu in kika yi wa mace biki ta rama miki nan take, daidai da abin da kika kai, to sallamar ki ta yi cikin mutunci, ba ta bin ki ba kya bin ta. Mai son zumunci ya ɗore takan bar abin ya kwana, in ta tashi ramawa ta ɗora a kai. Na ce a raina matar nan ta gaji da 'yata, kunya ce ta hana ta faɗa. Maganin abin ɗaya na sani, in ƙara.

Na yi funkaso da miyar taushe, har da man shanun da nake ɓoyo. Ya dawo da soyayyar kaza an yanka ta tsaf-tsaf. Na aika dambun naman da na taho da shi daga gida, wanda ko maigida sai da lallami nake ɗiba masa. Ya dawo da wani kek mai laushi da lemo manya-manya, kowanne da rigarsa ta takarda. Na aika zuma. Na aika kilishi. Duk abin da na ɗora, kafin rana ta faɗi ta ɗora nata ta dawo da shi, tana sunkuyawa daga bayan raga, ni ma ina sunkuyawa, kowa na murmushi a cikin takunkumi.

A lokacin mai gida kaɗai doka ta yarda ya fita cefane. Shi ke bin layi a rana, a auna masa zafi a goshi, ya sayo abin da zan zuba a kwano, mu kuma mu ci shinkafa da manja da yaji. Wata rana ya ajiye leda ya tsaya yana kallon langan nan.

"Wannan kwanon," in ji shi, "shi ya kamata gwamnati ta ɗauki nauyin karatunsa. Ya fi ni yawo, ya fi ni cin daɗi."

Na ce, "Malam, makarantar 'yarka ce a ciki."

Da kayan abincina suka ƙare, sai na buɗe akwati. Akwai wani yadi mai ruwan zuma da na saya a Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin 'yan yadi, tun kafin kulle, na ajiye don sallah. Na ninke shi, na ƙara ninkewa, na danna a kwanon, murfin ma bai rufu ba. Na rataye mata. Na ce yau dai ta san ba sallama nake nema ba.

Ranar kwanon bai dawo ba. Na yi hamdala, na ce ta gane.

Washegari ƙofar katakonsu a rufe. Jibi ma haka. 'Yata ta tashi da wuri ta wanke fuska, ta goge ɓangarenmu na lungun, da ta ga ba kowa ta goge nasu ma, ta dawo ta zauna da fensir a hannu tana kallon katako. Muna jin motsinsu a ciki, har tari ban ji ba balle in ce cutar ce. Kwanaki suka yi ta tafiya a haka. Na rasa abin da na yi. Na ce ko launin yadin na makoki ne a ƙasarsu.

Maigida ne ya kawo labari. Ya dawo daga cefane yana dariya tun daga lif, takunkumi na rawa a fuskarsa. Wai a layin shago ya haɗu da mijin, kowa riƙe da kwando, suka tsaya nesa-nesa suna gaisawa, har mijin ya yi ƙarfin hali ya ce, don Allah ɗan'uwa, ka roƙi matarka ta yi mana rangwame.

"Rangwamen me?" na ce.

"An rage masa albashi tun farkon kulle. Kajin nan da kek ɗin nan da kike karɓa, su ma shinkafa da ƙwai suke ci a ciki. A al'adarsu duk wanda ya ba ka abu sai ka mayar masa da wani, kuma da wuri, in ka jinkirta ka yi rashin tarbiyya. Yanzu kin aika yadi, ta zagaye gidan ba ta ga abin da ya kai shi ba. Ta ce ba za ta iya buɗe ƙofa ta haɗa ido da ke ba kwanonki na hannunta."

"To karatun fa? Ai shi nake biya."

"Ta ce ita ya kamata ta gode, 'yarta ta samu abokiyar aji. Kin san me suke zato? Wai mu masu rijiyar man fetur ne."

Ya sake fashewa da dariya har ya zauna a ƙasa. Ni ban yi dariya ba a lokacin. Da hannuna na rufe wa 'yata makaranta, kuma da yadin sallata.

Maigida ya ce abin ai mai sauƙi ne, in je in karɓo kwanona wayam, magana ta ƙare. Namiji ke nan. Mace ta tsaya a ƙofar maƙwabciya ta ce ba ni kwanona, a garinmu wannan faɗa ne, sai an kira manya. Da mahaifiyata za ta ji, cewa za ta yi jirgin sama ya juya mini ƙwaƙwalwa. Na yi ta jujjuya abin har azahar. Na leƙa na ga yarinyar tana nan a bakin raga, ta fara rubuta haruffa a tafin hannunta. Na ɗauki mayafi na kama hannunta, don ita ce tafinta, muka tsallaka lungun na ƙwanƙwasa.

Matar ta buɗe kaɗan, ido duk ya faɗa.

Na ce da 'yata, "Ki ce mata ina son kwanona. Kada ta sa komai a ciki."

Yarinyar ta ɗago ta dube ni. "Umma, ba kunya?"

"Da kunya. Faɗa mata."

Ta faɗa. Matar ta tambaya a hankali ko ta yi mini laifi ne. Nan na ga in ban kawo dalili ba, sabon rikici zan buɗe. Abin da ya zo bakina shi na faɗa, na ce ina bukatarsa ne, daddawata ta ƙare, a ciki zan yi wata. Wannan kam gaskiya ne, ta ƙare. 'Yata ta rasa sunan daddawa da Turanci, sai ta ce mata uwata za ta ruɓar da wake. Matar ta zaro ido. Na ɗauka ƙyama ce. Ta shiga ta fito da kwanon wayam, riƙe da hannu biyu, ta sunkuya har na ji tsoron kada ta kife. Da safe ƙofar katako ta buɗe, aka miƙe, aka sunkuya, aka zauna.

Saura ni. Ƙofarta na kallon kicin ɗina, tunda na ce zan yi daddawa dole in yi. Kalwa babu a ƙasar, amma waken suya ya fi komai araha, kuma mahaifiyata kan yi da shi in kalwa ta yi tsada. Na jiƙa, na dafa har ya yi lugub, na tsane, na shimfiɗa ganyen ayaba a langan na zuba. Na naɗe shi da wata rigar sanyi da maigida ya sha wahalar ɗaukowa daga Kano zuwa ƙasar da ba a taɓa yin sanyi ba, na ɗora a kan firji inda ke da ɗumi.

Da ya fara nuna, warin ya cika gidan ya fita lungu. Maigida ya sa takunkumi a cikin falonsa.

"Za a kore mu daga benen nan," in ji shi. "Cewa za su yi wani ya mutu."

Ranar da na buɗe, ina cikin juyawa yana yauƙi, sai na ji ana taɓa ragarmu. Malamar ce, takunkumi a haɓa, hanci a sama, riƙe da ɗan kwanon shinkafa da tsinkayen cin abincinsu. Ta ce da 'yata ta roƙar mata ni, ko zan sam mata kaɗan. Na ce a gaya mata bai yi ba tukuna, sai an sa toka, an daka, an shanya, kuma a miya ake sawa. Ta ce a'a, ya yi. Na ɗiba mata cokali guda. Ta juya shi da tsinke har ya yi kumfa, ta ɗaga, zaren yauƙi na bin sa, ta ɗora a kan shinkafa ta kai baki. Babbar mace, malamar makaranta, tana cin ɗanyar daddawa a tsaye a lungu, hawaye na zuba.

Ashe karin kumallonsu ke nan a can. A Kuala Lumpur sai a manyan kantuna masu nisa ake samu, a daskare, da tsada, kuma tun da aka yi kulle ba ta sa shi a baki ba.

Tun da ita ta roƙa, ba kyauta ba ce, ba wanda zai rama. Muka daidaita a nan tsaye. Mijinta ya sayo waken, ni in dafa in rufe, in ya yi yauƙi ta ɗebi nata, in daka nawa in shanya a baranda. Ita kuma ta ci gaba da makarantarta. Langan ya yi ritaya a kan firji. Maigida ya leƙo ya ga abin da take ci, ya tambaya ko da gaske kowa da kowa ke cin wannan da safe a Japan. Aka ce masa har a makaranta ana ba yara. Ban sake jin maganar ƙarin bincike a bakinsa ba.

A lungun nan 'yata ta yi karatunta har aka buɗe gari, har uban ya gama muka haɗa kaya. Da muka dawo gida aka gwada ta, aka sa ta ajin sa'o'inta, ba ta rasa ko zango ɗaya ba.

Amma matar nan ta cuce ni a ƙarshe. Ranar tafiya mun yi sallama lafiya lau, hannu wayam, kamar yadda muka saba. Sai da muka shiga tasi, direba ya tayar, ta zuro jar jakar nan ta taga ta ajiye a cinyar 'yata, ta ja da baya ta sunkuya. Kayana duk suna cikin but ɗin motar. Na laluba jakar hannuna, ba komai sai fasfo da ragowar biskit ɗin yaro. Mota ta ja ina ce wa direba ya tsaya, maigida na ce masa ya ƙara wuta.

Jakar na nan, kullum ana goya ta zuwa makaranta, 'yan ajinsu na kiran ta akwatin rediyo. Ni kuwa duk wanda na ji zai tafi Malesiya sai na tambaye shi ko da sauran wuri a kayansa. Na tanadi turmin atamfa biyu.